Daga Yamai zuwa Bankok: abin hawan da ya biya kuɗinshi da wanda ke cinye ma mutum wuni

Assalamu alaikum ƴan uwa. Masu tambayata batun tafiya Tailan sun yi yawa, musamman ƴan kasuwarmu na Tawa da Yamai da sunka gaji da Dubai da Sin suna son gwada kayan Bankok, kuma kusan kowa biza da kuɗɗin jirgi yake tambaya, ba mai cewa to in na sauka da mi zan yi yawo, alhali nan ne ake yi ma baƙo aski. Bari in rubuta ra'ayina sau guda kowa ya karanta. A taƙaice dai, in kana cikin Bankok ka nisanci kwalta iyakar iyawarka, jirgin ƙasa da jirgin ruwa su ke riƙe da garin, mota sai in kana da kaya. Sunayen tashoshi na rubuta su yadda za ka gan su bisa allo don kar ka ɓace.

Zuwan ba shi da wani sirri. Mu na Tawa sai mun fara cinye kilomita wajen 550 cikin kar, Ƙonni, Dogon Dutsi, Doso, sannan Yamai, don haka ka sauka Yamai tun ana gobe tashi, ka kwana ka huta, kar ka haɗa kar da jirgi rana guda don hanya ba ta da alkawali. Daga filin Diori Hamani babu jirgin da ke miƙewa kai tsaye Bankok, sai ka canza, kuma hanyoyin da mutanenmu sunka fi bi biyu ne, Ethiopian ta Adis Ababa ko Turkish ta Istanbul. Air France tun watan Agusta na 2023 ta daina zuwa Yamai, kuma ko da tana zuwa zagaye ne ba gaira ba dalili. Ni ta Adis na fi so don ta fi miƙewa, daga Adis zuwa Bankok wajen awa 9 ne, ka tashi cikin dare ka sauka da rana tsaka, ido na gani, tashar jirgin ƙasa buɗe, masu canji buɗe. Ta Istanbul filin ya fi girma da wurin hutawa, amma ka hau arewa ne sosai kafin ka gangaro gabas. Kuɗɗin biye kam yana hawa yana sauka, ka sa ajansi biyu uku su duba maka, kuma ka karanta kilon da anka rubuta bisa biyenka da idonka, yawanci balis 2 ne masu kilo 23 amma ba kowane farashi ke da haka ba. Agogonsu ya riga namu da awa 6, in ƙarfe 8 na safe ta yi Bankok gida ƙarfe 2 na dare ne, kar ka buga ma iyali waya da murna ka tada su.

Takardu uku ne. Biza dole ce ga mai fasfon Nijar, kuma tun Janairun 2025 ta intanet ake cikewa. Sai katin shiga ƙasa da suke kira TDAC wanda ya fara aiki 1 ga Mayu 2025, shi ma ta intanet, cikin kwana 3 kafin saukarka, kuma kyauta ne, duk shafin da ya ce ka biya ba na gwamnati ba ne. Na ukun shi ne wanda mutane ke rainawa, karnen rigakafin shawara mai ruwan ɗorawa. Nijar na cikin ƙasashen da Tailan ke neman shi, kuma akwai tebur na ma'aikatan lafiya kafin ka kai ga masu buga fasfo, can za ka fara zuwa su duba su ba ka shaida. Na ga wata Hajiya ƴar Maraɗi ta bi dogon layin imigireshan har ta kai gaba, jami'in ya duba fasfo ya nuna mata baya da hannu, ta juyo tana salati. Na ce "Hajiya karnenki na nan?" ta ce "yana nan ɗana, ga shi," na nuna mata teburin, amma layin kam sai da ta sake shi daga farko.

Filin jirginsu Suvarnabhumi, wanda anka buɗe 2006, babba ne ƙwarai amma alluna da Turanci suke kuma ba ruɗani, akwai ɗakin salla. Sefa ba ta canzuwa can, ka zo da yuro ko dala ta Amurka, sabbin takardu marasa yagewa don suna ƙin tsohuwa. Kar ka canza da yawa nan saman inda ake ɗaukar kaya, ka sauka can ƙasa kusa da tashar jirgin ƙasa, rumfunan canjin da ke wurin sun fi ba da farashi mai kyau. Baht guda wajen sefa 17 zuwa 18 ne, wato baht 100 kusan jika guda da dala 150, da wanga lissafin nake auna komi. Ka sayi layin waya nan take da fasfonka, don rabin abin da zan faɗa ƙasa sai da intanet cikin salula.

To nan ne abin hawa na farko da na ba maki cikakke, Airport Rail Link. Jirgin ƙasa ne da ke tashi daga ƙarƙashin filin jirgin, ya fara aiki 2010, mafi tsadar tikiti baht 45 wato wajen dala 160, kuma cikin rabin awa ya kai ka Phaya Thai tsakiyar gari. Kana saka kuɗɗi cikin inji ya tofo maka ɗan kwabon roba, ka dangwala shi ga ƙofa ka shiga, wurin fita ka jefa shi cikin rami. Mu ƴan kasuwa tasharmu ita ce Ratchaprarop, ta kusa da ƙarshe, daga nan tafiyar ƙafa ta minti goma ce zuwa Pratunam inda otel-otel da kasuwar tufafi suke, dogon benen Baiyoke shi ne alamarka, ko'ina ka tsaya kana hangenshi. Tun kana cikin jirgin za ka gane abin da nake nufi da nisantar kwalta, kana bisa gada kana wucewa kana kallon motoci ƙasa sun yi layi sun tsaya cak. Aibinshi guda, safe da maraice yana cika da ma'aikata har ba wurin aje ƙafa balle balis, kuma yana tsayawa wajen ƙarfe 12 na dare. Mai zuwa da ƴar jakar hannu da balis guda wofi, shi ne naka.

Taksin filin jirgi ba laifi, tsari gare shi. Ka sauka hawa na 1, ka danna inji ya ba ka takarda mai lambar wurin da motarka ke tsaye, mita na farawa daga baht 35, akwai ƙarin baht 50 na filin jirgi, sannan kuɗɗin peyaji na babbar hanya kai ke biya. Zuwa Pratunam duka-duka ka sa ran baht 350 zuwa 450, jika 6 zuwa 8 ke nan, in ku biyu ne ko uku da kaya ya yi araha. Takardar nan ta inji kar ka ba direba, taka ce, lambar motar na kanta. Sai dai but ɗin taksinsu rabinshi tukunyar gas ta cinye, manyan balis biyu ba su shiga, guda sai kujerar gaba.

Taksin cikin gari kuwa labari daban ne. Motocin tsaf, kilim na aiki, launi iri-iri, ruwan hoda, kore da ɗorawa, shuɗi, kuma in direba ya kunna mita wallahi araha ce. Matsalar waɗanda ke fakewa ƙofar otel da bakin kasuwa, su ba su son mita, za ka ce unguwar Nana ya ce baht 300 alhali mita ba ta kai 80 ba. Ba a ciniki da su, ka yi gaba kaɗan ka tsaida wadda ke tafiya mai jan haske ko kore ga gilashin gaba, ka buɗe ƙofa ka faɗi wurin ka ce "mita", in ya kaɗa kai ka rufe ka tsaida ta baya. Amma ko mai gaskiyar ka samu, ba shi da fiffike. Daga ƙarfe 4 na la'asar zuwa 8 na dare hanyar Phetchaburi da Sukhumvit tsayawa suke yi, wata danja sai ta riƙe ka minti uku huɗu ta sake ka ka matsa taku goma ta sake kamawa, in ruwan sama ya sauko kuma, kuma damanarsu daga Mayu har Oktoba take, to ka yi alwala tun kafin ka shiga don magariba na iya samun ka nan. Grab da Bolt, masu kiran mota ta salula, na aiki sosai, kana ganin farashi tun kafin ka hau kuma ba sai ka yi fama da yare ba tunda taswira na nuna ma direba wurin, ana iya biyan tsaba, Grab ya fi yawan motoci Bolt ya fi sauƙi sau da yawa. Sun magance gardamar kuɗɗi, ambutiyaji dai yana nan daram.

BTS, jirgin da ke bin saman gada, shi ne abin da zan ce ya fi komi daɗi cikin garin. Tun Disamban 1999 yake aiki, manyan layukanshi biyu, Sukhumvit da Silom, suna haɗuwa tashar Siam. Ba a jiranshi, kafin ka gama duba salula wani ya iso, sanyin cikinshi har ya yi yawa, tikiti daga baht 17 zuwa sama gwargwadon nisa. Mutane na yin layi bisa kibiyoyin da anka zana ƙasa, a bar masu fita su fita tukuna, ba ture ba hayaniya, ba a ci ba a sha ciki, akwai kujerar tsofaffi da masu ciki da malaman addininsu masu mayafi ruwan lemu, kuma mace ba ta zama jikin malamin nan, Hajiyoyi ku lura. Tashoshin da za su amfane ka kaɗan ne. Ratchathewi na kusa da lungun Phetchaburi Soi 7 inda masallacin Darul Aman yake da masu abincin halal jere, can ne mafi kusa ga mai kwana Pratunam ya yi Juma'a. Nana ita ce ta unguwar Larabawa da ƴan Afirka, Soi 3, shinkafa da nama, shayi, masu kago, masu canji, nan za ka ji Hausa da Zabarmanci da Bambara na tashi, sai dai da dare unguwar na da wata fuskar da ba ta dace da mai iyali ba, ka ci abincinka ka koma. Mo Chit ita ce ta kasuwar Chatuchak mai ci Asabar da Lahadi. Chit Lom kuwa daga ita akwai doguwar gadar ƙafa mai rufi da ke kai ka har wajen Platinum, benen kasuwar tufafi na Pratunam, ba tare da ka taka titi ba. Sannan akwai MRT na ƙarƙashin ƙasa wanda anka buɗe 2004, shi ke kai ka Wat Mangkon, unguwar ƴan Sin, inda kasuwar Sampeng take ta ƴan kunne, jakunkuna, kayan gashi da tarkacen yara. Abin da ke ban haushi shi ne kamfanonin daban-daban ne, katin Rabbit na BTS ba ya shiga layin MRT shuɗi, wato na ƙarƙashin ƙasan nan, in ka canza layi sai ka fita ka sake sayen wani tikitin, kuma matakala na da yawa, dattijo mai ciwon gwiwa ya nemi inda lif yake tun daga ƙasa. Wani abu kuma, ƙarfe 8 na safe da 6 na yamma ana sa taken ƙasa cikin tashoshi, kowa ya tsaya cak inda yake, kai ma ka tsaya, minti guda ne.

Yanzu bari in zauna kan wanda ba kowa ke faɗa maka ba, jirgin ruwan Saen Saep. Wata doguwar magudanar ruwa ce da ta ratsa tsakiyar gari, kuma ikon Allah ta bi daidai wuraren da ɗan kasuwa ke so. Tashar Pratunam na ƙarƙashin gada, taku kaɗan daga Platinum, nan layi biyu ke haɗuwa, na yamma ya bi ta Bobae, babbar kasuwar sarin tufafi, ya ƙare Panfa kusa da tsohon gari, na gabas ya bi ta Nana Nua, wato bakin Soi 3 ɗin nan da na faɗa, ya wuce Asok ya yi can nesa. Kuɗɗin baht goma sha wani abu ne zuwa wajen 20. Pratunam zuwa Bobae minti goma sha, tafiyar da taksi ke iya cinye maka awa da safe.

Amma fa sai ka shirya. Jirgin dogo ne siriri mai benci-benci na katako ko roba, inji na ruri tsakiya kamar zai tsage kunne, yana isowa yaron jirgi ya yi tsalle ya naɗa igiya ga ƙarfe, ba a kashe inji, kana da ƴan daƙiƙu ka kama igiyar gefe ka taka baki ka faɗa ciki, kafin ka zauna an saki. Masu karɓar kuɗɗi, har da mata, gefen jirgin suke bi ta waje, hannu guda riƙe da igiya guda riƙe da tikiti da canji, jirgi na gudu suna tafiya bisa ɗan bakin da bai fi faɗin tafin ƙafa ba, in an zo gada mai ƙasa-ƙasa su duƙa gaba ɗaya ba tare da sun ko duba ba. Ruwan baƙi ne, yana wari, ba ruwan da za ka so ya taɓa maka baki ko tufafin salla ba, shi ya sa akwai tamfol gefe biyu da igiya mai zobe, wanda ke zaune bakin shi ke jan ta sama in wani jirgi zai gitta. Wani dattijo ɗan Ƙonni da munka shiga tare, babbar riga fara fes, shi ya faɗa kujerar bakin, na ce "Baba Alhaji ja igiyar nan," ya ce "ta mi ce yaro?" kafin in ba shi amsa wata ƴar lakwal da ke bayanshi ta miƙo hannu ta ja, ruwa ya watsu ga tamfol ɗin tas. Ya dube ta ya dube ni ya ce "Allah shi yi mata albarka," daga nan har Bobae bai saki igiyar ba. Hanyar kuma na da abin kallo, bayan gidaje, shanya, tukwanen fure, da masallatai jefi-jefi don Musulmi sun daɗe zaune bakin ruwan nan, unguwar Ban Khrua ta masaƙan siliki na nan kan hanyar Bobae. Maki na: ga mai lafiyar ƙafa da hannu wofi ba abin da ya kai shi, ga mai ƙunshin kaya, tsohuwa ko mai goyo, a'a, kar a gwada. Kuma da dare ba ya aiki, da wuri yake tsayawa.

Akwai kuma jirgin ruwa na babban kogin Chao Phraya, shi ya fi natsuwa da faɗi. Ka sauka BTS Saphan Taksin, tashar Sathorn na ƙasa, ka nemi mai tuta ruwan lemu, baht 16 ne ko kusa da haka duk inda za ka. Masu sayar da tikitin jirgin ƴan yawon buɗe ido za su tare ka tun daga matakala, nasu ya ninka, ka wuce su. Tsohon masallacin Haroon na nan unguwar Bang Rak kusa da kogin.

Kabu-kabunsu masu riga ruwan lemu da lamba ga baya, kowane bakin lungu suna da tasha da layi, wasu har da allon farashi. Daga bakin lungu zuwa ciki baht 10 zuwa 20, tafiya mai ɗan nisa 40 zuwa sama, ka tambaya kafin ka hau. Su kaɗai ke ratsa ambutiyaji, suna bi tsakanin motoci madubi na shafar gwiwarka, ka matse ƙafafu ka tattare riga. Ina hawansu in lokaci ya ƙure amma ba na yaba ma kowa su, Tailan na cikin ƙasashen da hatsarin hanya ke kashe mutane da yawa kuma mafi yawa masu moto ne. Ka karɓi kaske ka sa, doka ce har ga fasinja. Kuma hannun hagu suke tuƙi, in za ka ƙetare titi dama za ka fara dubawa, wanga ya fi komi hatsari ga sabon zuwa.

Tuk-tuk, adaidaitar da ke cikin kowane hoton Tailan, shi na ba maki mafi ƙasa. Ba mita, ba kilim, hayaƙin bas na shiga maka hanci, kuma ya fi taksi tsada ga baƙo. Mafi muni shi ne wanda zai ce maka baht 20 kacal zai zagaya da kai gari, ko ya ce wurin da za ka yau rufe yake bari in kai ka wani, ƙarshenta shagon tela ko na duwatsun ado zai aje ka don ana ba shi lada kan kowane baƙo. Inda yake da amfani guda ne, cikin Bobae da Pratunam da sassafe, ka yi sari ka ɗaure manyan buhuna biyu uku, taksi ba za ta ɗauka ba, tuk-tuk zai loda su har kai ka zauna bisa ya kai ka otel ko wurin mai kago. Nan kam ka yi ciniki ka biya da daɗin rai. Bas ɗin gari kuwa araha ce ƙwarai amma tana cikin cunkoson ita ma, na bar ma ƴan gari.

In za ka fita Bankok, jirgin ƙasa na dare shi ne zaɓina. Tun Janairun 2023 manyan jiragen nesa sun bar tsohuwar tashar Hua Lamphong sun koma sabuwa, Krung Thep Aphiwat, wadda mutane ke ce ma Bang Sue, MRT na kai ka har cikinta. Na Chiang Mai mai lamba 9 na tashi ƙarfe 6:40 na yamma ya isa da safe bayan ƙarfe 7, kilomita wajen 750, taragan sabbi ne ƙirar Sin da anka kawo 2016, gadon aji na biyu wajen baht 1,000, jika 17 da ƴan kai, ka haɗa kuɗɗin mota da na otel wuri guda ke nan. Da farko kujeru ne biyu suna kallon juna, can bayan isha ma'aikaci ya zo da ɗan makulli, ya jawo kujerun su haɗe, ya sauko da gadon sama daga bango, ya shimfiɗa katifa, ya ɗaure farin zane ya sa ma matashi riga ya rataya labule ya aje maka bargo cikin leda, duka bai fi minti biyu ba ya wuce na gaba. Ka nemi gadon ƙasa, ya fi faɗi, yana da taga, kana iya yin sallarka zaune cikin labulenka ba mai damunka, na sama fitila na haska shi har safe kuma sanyin kilim can ya fi sauka. Akwai tarago na mata da yara zalla, abin da ya kamata Hajiyoyi su sani. Ka shigo da abincinka na halal daga gari. Tikiti na ƙarewa da wuri, balle lokacin bikin ruwansu na Songkran, 13 zuwa 15 ga Afrilu, lokacin ƙasar duka ke tafiya gida. In ka ga an rubuta shekara 2568 bisa takarda kar ka tsorata, lissafinsu ya riga na Bature da shekara 543, 2025 ke nan.

Layin kudu ma akwai na kwana zuwa Hat Yai, daga can Padang Besar iyakar Maleshiya ba nisa, kuma kudu Musulmi sun fi yawa, abinci ba wahala. Jihohin can ƙarshe uku, Pattani, Yala da Narathiwat, suna da rikici tun 2004, in ba wani dalili gare ka ba kamar ziyara ko karatu, ba wurin yawo ba ne. Ayutthaya tsohuwar hedikwata kuwa kusa take, ƙaramin jirgi mai aji na uku baht 20 ko ƙasa da haka, taga buɗe, ka je ka dawo wuni guda.

Kar-kar na nesa suna da kyau su ma, kujera mai kwanciya, ruwa da ɗan biskit, sai dai tashoshin uku ne kuma nesa da juna, Mo Chit ta arewa (daban take da tashar BTS mai wanga suna), Ekkamai ta gabas wajen Pattaya, Sai Tai Mai ta kudu, ka tabbatar da taka kafin ka fita, kuma ka sayi tikiti ga taga cikin tasha. Ƙananan bas masu cin mutum goma sha, gudu gare su, ban son su. Jirgin sama na cikin gida araha ne, AirAsia, Nok Air, Thai Lion Air, awa guda da ƴan mintoci ka kai Chiang Mai ko Phuket, amma yawancinsu daga tsohon filin Don Mueang suke tashi, kuma farashin da ka gani yawanci na jakar hannu ce mai kilo 7, balis sai ka ƙara kuɗɗi. Tsakanin filayen biyu akwai bas kyauta ga mai biyen tafiya, ka ba ta awa guda zuwa biyu. Cikin Chiang Mai babu jirgin gari, jajayen a-kori-kura ne masu benci biyu baya, aikinsu sak taksin Yamai, ka tsaida ka faɗi inda za ka, in hanyarshi ce ya ce hau in ba ita ba ya wuce, wajen baht 30 cikin gari, ka biya in ka sauka.

Ranar komowa lissafin na juyawa, don yanzu kana da balis biyu cike da jakar hannu, jirgin ƙasan filin jirgi ba naka ba ne kuma. Manyan kaya dama sun tafi wurin mai kago tun tuni, ka riƙe rasit ɗinka ka ɗauki hoton kowane buhu da sunan da anka rubuta kanshi. Sauran ka auna su tun otel, kusan kowane otel na Pratunam na da sikeli bakin ƙofa, don kuɗɗin kilon da ya wuce na iya cinye ribar abin da ke ciki. Ka kira babbar mota ta Grab ko ka sa otel su nemo maka, ka ce ma direba ya hau babbar hanya ta peyaji kai za ka biya, kuma tunda jiragen Adis da Istanbul yawanci da dare suke tashi, fitarka na iya faɗawa daidai cunkoson maraice, ka bar otel awa 5 kafin tashi. Ka rage baht 500 cikin aljihu na mota da peyaji kafin ka canza sauran, don in ka kawo baht Yamai ba mai karɓa.